Kiɗa da waƙa a gidan yari: gyaran hali ne ko abincin kyamara?

Mai Kyamara:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Maganar da aka taɓo shekaranjiya aka bari a rataye nake so mu koma kanta, wato kiɗa da waƙa a gidan yari da finafinan gaskiya da ake yi a kansu. Zan fara da Zomba ta ƙasar Malawi. Babban kurkukun garin tun zamanin Turawa aka gina shi don 'yan ɗaruruwan mutane, amma a 2013 yana ɗauke da sama da 2000. A watan Agustan 2013 wani furodusa Ba'amurke, Ian Brennan, da matarsa Marilena Delli mai ɗaukar hoto suka shiga da na'urar naɗar sauti. Ba a banza aka buɗe musu ƙofa ba: Brennan ya koyar da darussan kauce wa tashin hankali a ciki, hukuma ta ba su izinin naɗa. Sun ɗauki muryoyin mutum wajen 60, sama da awa 6, aka tace aka fitar da waƙoƙi 20, galibinsu da harshen Chichewa. Faifan ya fito a 2015, ya shiga takarar Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, ta 2016, karon farko ga Malawi. Angelique Kidjo ce ta ci, mawaƙan Zomba kuwa suna kulle, ko ɗayansu bai je bikin ba. Wani abin lura, ɓangaren maza yana da ƙungiyar kiɗa da jita da ganguna, mata ba su da komai sai bokiti, da farko ma cewa suka yi su ba mawaƙa ba ne, amma fiye da rabin waƙoƙin faifan nasu ne. Tambayata: a cikin wannan duka, ina gyaran halin yake?

Baba Gandiroba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a kai ga gyaran hali sai kayan sun wuce bakin ƙofa tukuna, kuma a nan yawancin shirye-shiryen ke mutuwa. Mai kawo jita kayan kiɗa yake gani, gandiroba kuwa tsirkiya shida yake gani. Tsirkiyar ƙarfe ana yin allurar zanen jiki da ita, ana yanka da ita, ana shaƙe mutum da ita. Shi ya sa ake zaɓar jita mai tsirkiyar roba, ita ma uku na saman nan masu kauri naɗe suke da siririyar waya, dole a ƙirga su. Ƙa'idar ita ce a rubuta komai a rajista tun daga ƙofa: jita nawa, tsirkiya nawa, wayar makirufo nawa da tsawonta, batir nawa, katin ajiya nawa. A ƙirga a shiga, a ƙirga kafin kowa ya bar ɗakin. In tsirkiya ta tsinke, guntaye biyun ake miƙawa, a auna su da sabuwa kafin a ɗaura. Batir ɗaya ya ɓata za a kulle ɓangaren a yi bincike, daga ranar kuma shirin ya yi baƙin jini a wurin ma'aikata. Kada a ce kayanmu na gargajiya sun tsira: igiyoyin kalangu in aka kwance su suna da tsawon da zai ishi mai son rataye kansa.

Sai lokaci. Gidan yari yana tafiya ne da ƙidaya, da rabon abinci, da motar kotu. In ƙidayar safe ba ta cika ba, babu mai fita daga ɗaki ko da wa ya zo. Awa biyu da aka rubuta a takarda, abin da ake samu a zahiri bai cika wuce minti 80 ba.

Ɗan Fiyano:
Baba ya gama magana a kan ƙofa. In an shiga, tsarin da ya fi nagarta shi ne irin na Irene Taylor Trust ta Ingila, da ke wannan aiki tun 1995: kwana biyar a jere, mutum goma ko kusa da haka, ƙwararrun makaɗa suna tare da su, ranar ƙarshe a yi wasa gaban sauran fursunoni da ma'aikata, a naɗe waƙoƙin a ba kowa faifansa. Yadda ake raba kwanakin yana da muhimmanci. Ranar farko kowa ya taɓa kowane kaya, kuma kada a tashi sai an haɗa wani abu da za a iya kira waƙa, ko amshi ɗaya ne a kan kari ɗaya. Wanda ya koma ɗaki ranar farko bai ji ya iya komai ba, ba zai fito gobe ba. Rana ta biyu da ta uku rubutu da ɗora murya. Ta uku ce ranar rigima, domin a nan gajiya ke zuwa kuma ake yanke wa zai ja baiti wa zai yi amshi. Ta huɗu maimaici da naɗa. Ba a ƙara sabuwar waƙa ranar huɗu, duk daɗinta.

Kuskuren sababbin shiga shi ne koyar da jita daga tushe. Yatsa kan ɗauki makonni kafin ya saba da danna tsirkiya, kwana biyar ba za su isa ba. A ba mutum wurin dannawa biyu ko uku kawai, ko a ba shi abin bugawa. Wannan ne dalilin da ƙungiyar Good Vibrations, ita ma a Ingila, tun 2003 take amfani da gamelan, tarin ƙarafan tagulla na Indonesiya da ake bugawa a ƙungiyance. Ba ya bukatar karatun kiɗa, ba shi da tauraro, kuma in ba ka saurari na kusa da kai ba kiɗan ya watse. A nan gyaran yake, ƙanena Mai Kyamara: mutumin da ya saba ƙwace abu da ƙarfi ya zauna yana jiran bugunsa ya zo, a ce masa ya yi kuskure a gaban mutane ya haɗiye ya sake.

Dakta:
Malam Ɗan Fiyano, na yarda da bayanin, amma a yi hattara da alƙaluman da ƙungiyoyi ke bazawa. Za ka ji an ce waɗanda suka shiga shirin kiɗa ba su cika komawa kurkuku ba. To su wa ake bari su shiga? Mai kyakkyawan rahoto, wanda bai yi faɗa ba a 'yan watannin nan, wanda da ƙafarsa ya zo ya rubuta suna. Irin wannan ko ba kiɗa da ma ya fi sauran alamar shiryuwa. Don magance wannan ne Ma'aikatar Shari'a ta Birtaniya ta buɗe sashen Justice Data Lab a 2013: ƙungiya ta miƙa sunayen mutanenta, a nemo wasu masu kama da su a shekaru da irin laifi da tarihin ɗauri waɗanda ba su shiga shirin ba, a kwatanta bayan shekara guda da fita. Matsalar shirye-shiryen kiɗa ita ce ƙanƙanta. In mutanenka 40 ne, bambancin mutum uku ko huɗu na iya zama dace kawai.

Abin da ake iya aunawa da gaskiya ƙanana ne: sau nawa mutum ya halarta cikin zaman da aka yi, rahoton laifi nawa aka rubuta a kansa wata uku kafin shirin da wata uku bayansa, ko ya wuce ajin karatu ko na sana'a daga baya. Wannan na ƙarshen ya fi komai ƙarfi a ganina. Da yawa sun tsani aji tun suna yara, kiɗa ne ke jawo su su zauna da biro a hannu.

Mai Kyamara:
To Dakta, ke nan finafinan ƙarya suke yi?

Dakta:
Ba ƙarya ba, tsayawa suke yi a inda labarin ya fi daɗi. Abin tsoho ne. A 1933 John Lomax da ɗansa Alan, masu tattara waƙoƙin gargajiya, suka shiga kurkukun da ake kira Angola a jihar Luwiziyana ta Amurka da na'ura mai nauyin kilo 140 da ɗoriya a bayan mota, suka naɗi wani fursuna mawaƙi, Lead Belly. Aka sake shi a 1934, labari ya bazu cewa waƙar da ya yi wa gwamna ce ta fitar da shi, alhali ragin wa'adi ne na kyakkyawan hali. Sai Glen Sherley. Fursuna ne a kurkukun Folsom na jihar Kalifoniya, ya rubuta waƙar da shahararren mawaƙi Johnny Cash ya rera a wasansa na 13 ga Janairun 1968 a cikin gidan. Cash ya tsaya masa, aka sake shi a 1971, ya shiga tawagar Cash. Zaman bai ɗore ba, aka sallame shi, a 1978 ya kashe kansa. In ka yanke fim ɗin a 1971 ka samu labarin nasara. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Anti Lauya:
Ku bar ni in shigo ta inda ake cutar mutane ba a sani ba. Amincewar ɗaurarre ba kamar ta mai 'yanci ba ce. In shugaban gidan yana tsaye aka ce wa ke son a ɗauke shi, kowa zai ɗaga hannu, wani don tsoro, wani don yana zaton fim zai jawo masa afuwa. Don haka takardar amincewa a rubuta ta da harshen da mutum ke ji, a karanta masa a bayyane, gandiroba yana iya hangen su amma ba ya jin abin da ake faɗa. A gaya masa ƙarara cewa shiga ko ƙin shiga ba zai taɓa shari'arsa ba. A raba amincewar gida uku: shiga ajin, naɗar murya, nuna fuska. Mutum na iya yarda da biyu ya ƙi na uku. A kuma ba shi damar janyewa har zuwa ranar da za a rufe tace fim, a sake nemansa bayan ya fita, domin wanda ya yarda yana ciki yakan canja ra'ayi ranar da ya je neman aure ko aiki aka ce an gan shi a YouTube da kayan fursuna.

Mai jiran shari'a kuwa kada a nuna fuskarsa, kada kuma a bar shi ya rera abin da ya shafi tuhumarsa. A Amurka masu gabatar da ƙara sun sha kawo baitocin mawaƙan gambara a matsayin shaida, har jihar Kalifoniya ta yi doka a 2022 don taƙaita hakan. Yara na gidan horo, irin Bostal ta Kaduna, babu fuska babu suna, ko da iyaye sun yarda.

Sai haƙƙin mallaka. Ɗauri ba ya ƙwace wa mutum waƙarsa. Tasa ce sai in ya sa hannu a rubuce ya miƙa. Tun ranar naɗa a rubuta wa ya yi baiti, wa ya yi kari, kashi nawa na kowa, kuɗin kuma ina za su: asusunsa, iyalinsa, biyan tara ko kuɗin lauya. A Zomba kuɗin faifan sun tafi wajen taimakon shari'a ga wasu daga cikin fursunonin, kuma wannan ya fi Grammy amfani gare su.

Ustaz:
Allah ya saka da alheri, Anti. Akwai abin da za a ci karo da shi in aka kawo wannan Kurmawa ko Goron Dutse, gara a faɗe shi. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma a cikin fursunoni da ma'aikata akwai wanda ba zai zauna inda ake buga jita ba. Kada a mai da shi saniyar ware. Rubutacciyar waƙa ba ta bukatar kiɗa, kuma horon da ke cikinta ba kaɗan ba ne: a fara da ƙwar biyu, a zaɓi amsa-amo ɗaya a riƙe shi har ƙarshe, a auna kowane ɗango da murya a ji ko ya karye. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami. Wanda ya ƙware ya wuce ƙwar biyar. A tsara lokaci ya kauce wa salla da Juma'a, a sassauta da azumi.

Kuma kada mu ɗauka duk kiɗa gyara yake yi. Marigayi Gambu ya yi shekaru yana wa ɓarayi waƙa, kowa ya san zuga abin da take yi wa zuciya. In ba a sa ido ba, ajin zai koma wurin kirarin 'yan daba.

Ɗan Fiyano:
Gaskiya ne Malam, amma in hukuma ce za ta riƙa jan jan biro a kan kowane baiti, abin da za a samu shi ne waƙoƙin yabon Kwanturola. Abin da ke aiki shi ne 'yan ajin su kafa dokarsu ranar farko da bakinsu: ba ambaton sunan wanda aka cuta, ba zagin ƙungiya ko unguwa, ba barazana. Baƙin ciki da fushi da kewar uwa duk a bar su su fito. In mutum ya kawo baitin alfahari da laifi, ba a yaga takardar, tambayarsa ake yi: daga nan sai me ya faru? Baiti na biyu yakan fi na farko gaskiya.

Bari in ƙara na naɗar sauti, tunda nan ma ana asara. Ɗakin kurkuku siminti ne da kwano, amsa-kuwwa ta yi yawa. Makirufon situdiyo mai kwashe komai zai kwaso ƙarar ƙofa da tari da kiran suna daga tsakar gida, ga shi yana cin wuta. A yi amfani da na hannu irin Shure SM58, baki ya matso kamar faɗin yatsa uku. A jingina katifu biyu a kusurwa, a rataya bargo, mawaƙi ya ba kusurwar baya. Na'ura mai layi huɗu mai aiki da batir ta isa. A saita ta a 48 kHz da 24 bit don ta dace da hoto, a bar ƙololuwar sauti wajen -12 dB a ma'aunin na'urar, domin wanda ya yi gwaji a hankali in waƙa ta kama shi ihu zai yi, sautin da ya fashe kuma ba ya gyaruwa. Layi huɗu na cin wajen gigabayit 2 a awa, a lissafa katin da za a rubuta a rajistar Baba. Kada a jona da janareto, gurnaninsa zai shiga; a kunna matatar da ke yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz. A tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara a farkon kowace ɗauka, a kuma naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya don mai tacewa. Da damina ruwa a kan kwano ya kashe ranar, da hunturu fatar ganga kan bushe ta tsage. Ga mata, ƙwarya a kife cikin ruwan baho ta wadatar, ba a kuma bukatar izinin kowa a kan tsirkiya.

Baba Gandiroba:
Ɓangaren mata sai da ma'aikaciya mace, namiji ba ya shiga shi kaɗai, haka yake a Ƙa'idojin Mandela na 2015, wato ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni. Ƙa'ida ta 105 kuma ita ce ta ce a samar da harkokin nishaɗi da al'adu a kowane gidan yari, a sa ta a takardar neman izini. Mai ɗaukar hoto ya sani ba a ɗaukar makullai, da hasumiyar tsaro, da tsarin ƙofofi. Kuma a jawo ma'aikata ciki. A faifan Zomba har da gandirobobi suka yi waƙa. Ma'aikacin da albashinsa bai kai wata ba, yana kallo ana kawo wa ɗaurarru fiyano, in ba a yi da shi ba kullum makullin ɗakin zai ɓata.

Mai Kyamara:
Na karɓi gyara, amma kada a yi wa finafinan kuɗin goro. Bidiyon Cebu na Filifin a 2007, fursunoni wajen 1500 cikin kaya ruwan lemo suna rawar waƙar Michael Jackson, miliyoyi sun kalla, amma babu muryar mutum ɗaya a ciki, kuma an yi ta tambayar ko da son ransu suke yi. Wannan kallo ne kawai. Feltham Sings na 2002, wanda Brian Hill ya yi a gidan matasa na Feltham a Landan, wata hanya ya bi: an yi hira da yaran, mawaƙi Simon Armitage ya mai da maganarsu baitoci, suka rera. Ya yi kyau, sai dai ana iya tambayar muryar wa ake ji. 16 Bars na 2018, da aka yi a kurkukun birnin Richmond na jihar Bajiniya a Amurka tare da mawaƙi Speech na ƙungiyar Arrested Development, ya bi mutum huɗu, kuma bai tsaya a situdiyo ba, ya fita waje ya nuna yadda shaye-shaye da rashin wurin kwana ke jiran wanda aka saka. Ma'aunina ke nan: fim ɗin ya bi mutum bayan ƙofa ko kuwa? In za a yi a nan, a ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kwanakin ɗauka don wata 6 zuwa 12 bayan fita, tun a kasafin farko, domin daga baya kuɗi sun ƙare.

Anti Lauya:
Saura mutum ɗaya da ba a ambata ba: wanda aka yi wa laifin. Jah Cure na Jamaika an ɗaure shi a 1999 kan fyaɗe da fashi, ya naɗi waƙoƙi a kurkukun Tower Street na Kingston, suka cika rediyo tun kafin a sake shi a 2007. Ku auna yadda wadda aka cuta za ta ji tana jin muryarsa a kowace motar haya. Kafin fim ya fita a nemi hanyar sanar da waɗanda abin ya shafa, kada su gani kwatsam. Kuma kada fim ya ɓoye laifin don mai kallo ya ji tausayi, ranar da aka gano, shirin gaba ɗaya ne zai sha jifa.

Dakta:
Ga abin da ya bambanta Najeriya. Dokar 2019 ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, amma wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda ke ciki jiran shari'a suke yi. Doka ba ta ce sun yi laifi ba, balle a ce za a gyara su, kuma yau suna nan gobe an ba da beli ko an mai da su wani gida. Ka fara da mutum 12 ka ƙare da 5. Su tsarin kwana biyar ya dace da su. Masu dogon wa'adi kuwa zaman mako-mako, a horar da biyu ko uku daga cikinsu su riƙa jan ajin. A kuma lura da makon da ke bin wasan ƙarshe: an yi tafi, baƙi sun tafi, mutum ya koma ɗakin mutum 60. A nan ake samun faɗa da ƙuncin rai. A sa ranar dawowa cikin mako biyu, a faɗe ta tun kafin a yi wasan.

Ɗan Fiyano:
Bayan fita kuma kada a yi wa kowa alkawarin zama tauraro. Abin da ke ciyar da mutum shi ne haɗa lasifika a wurin biki da wa'azi, naɗe waya, gyaran makirufo, tace sauti a kwamfuta. A koyar da waɗannan tare da waƙar. Ƙungiyar Changing Tunes ta Bristol a Ingila tana ci gaba da zama da mutanenta a waje bayan an sake su, malamin da suka sani a ciki shi suke tararwa.

Baba Gandiroba:
Duk wanda zai rubuta kasafin, ya sa kuɗin batir da tsirkiya da fatar ganga na shekara guda, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu. Makulli ɗaya a hannun jami'in walwala, ɗaya a ofishin tsaro, a rubuta sunan wanda zai karɓa in an yi wa ɗayansu canjin wurin aiki. Ustaz, ajin waƙen naka littafi da biro nawa zai ci a wata? Biro ma ana ƙirga shi.